Ranar da Na Ja Azahar Raka'a Biyar

A lokacin ina malamin lissafi a wata firamare a ƙasar Roni, kuma ni nake jan salla a masallacin unguwarmu idan liman ya yi tafiya. Da kaka ta yi, ƙanena ya samo injin sussukar gero, ya ce in riƙa taya shi bayan an tashi daga makaranta. Wata biyu na yi a bakin injin nan ina cusa masa gero. Shi yana toshe kunnensa da auduga, ni kuwa na ce masa ni ba kwalbar man gyaɗa ba ce.

Sai wani siririn fito ya tare a kunnena, ko an kashe injin shi ba ya tsayawa. Na koma karanta layi ɗaya sau uku ban san abin da ya ce ba. Maiɗakina ta ce ta gaji da maimaita magana, in sabon salon raini ne gara in faɗa mata. Ban gaya wa kowa ba.

Wata Laraba liman ya tafi Kazaure, na shiga gaba a sallar azahar. Ina karatu a zuci, fiton yana cinye mini ayoyi, har ƙirga ta kuɓuce wa malamin lissafi, na miƙe raka'a ta biyar. Na sallame hankalina kwance, na juyo na tarar da idanu a kaina. Wani dattijo a sahun gaba ya matso ya riƙe hannuna. Sai da na bi motsin leɓensa na tsinci maganar: wai sau uku jama'a suka yi mini subhanallahi, na ƙarshen har maƙwabta sun ji, ko lafiya Malam. Masallaci guda ya ɗaga murya a bayana ban ji komai ba. Na fice na nufi gida.

A asibiti likita ya ce ƙara ta cinye wani ɓangare na jina, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na daina jan salla. A sahu nake tsayawa, ina satar kallon na kusa da ni don in san an yi ruku'u.

Na koyi cewa ƙara ba ta zuwa da ciwon da zai sa mutum ya gudu, a hankali take ɗiba, daga natsuwa ta wuce zuwa ji. Masu aikin injin niƙa da na sussuka da masu kwana kusa da janareta, ku kare kunnuwanku, kuma ranar da kuka fara jin fito ku nufi asibiti. Ni yanzu kowace safiya sai na murza yatsu biyu a gefen kunnena na dama, in saurara ko sauran yana nan.