Malam Tukur ya tafi bai ga na raba disk da hannuna ba

Malam Tukur ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune ina hura gawayi. Matarsa Anti Luba ce ta kira, na ɗauka da fara'ata don na zaci shi ne ya ari wayarta. Ta ce, "Rabi, Malam ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga waɗanda ba su san shi ba, shi ne ya koya mini kwamfuta a ɗan ajinsa da ke unguwar Badariya, lokacin da nake zirga-zirga daga Argungu zuwa Birnin Kebbi. Duk abin da nake koya wa 'yan mata a zauren gidanmu yau, daga hannunsa ya fito. Abu ɗaya ne ya yi ta fama da ni a kansa bai ci nasara ba: ban taɓa raba disk ni kaɗai ba.

Raba disk shi ne a yanka cikin kwamfuta gida biyu, Windows a gefe ɗaya don aikin ofis, Linux a ɗayan don koyon programming. In ka kunna sai ta tambaye ka wanne za ka shiga. Wurin yankan nan in hannu ya kuskure, duk abin da ke ciki ya tafi. Na ga wani ɗan ajinmu ya share project ɗinsa kaf a gabana, ya zauna a ƙasa ya dafe kai. Tun ranar tsoro ya shige ni.

Da zan sayi kwamfutata ta farko, rigima muka yi da Malam. Shi laptop babba yake so in saya, ni kuwa idona ya faɗa kan wata 'yar netbook ja, mai shiga jakar hannu.

Ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Ke Rabi, wagga ai madubin kwalliya na. In anka raba ta gida biyu, kowa tsaye za shi kwana."

Na ce ni dai ita nake so. Wa zai riƙa ɗaukar mini ƙatuwar laptop a bayan mashin? Kuma a unguwarmu wuta sai ta ga dama, batirin 'yar ƙaramar ya fi daɗewa.

Na saya. Ya yi ta mita, amma ya nemo mini Linux mara nauyi, ya sa a flash tunda ba ta da wurin faifai.

Malam yana da ƙa'ida. Sai an kwashe komai an adana a wani wuri, a yi bisimilla, sannan mai kwamfutar ne zai danna maɓallin ƙarshe da yatsansa. Ba ya danna wa kowa. Ranar tawa, da muka iso wurin, na ce bari in sayo mana fura a bakin titi. Na daɗe ina zaɓen fura kamar mai zaɓen atamfa. Da na dawo na tarar ya karya ƙa'idarsa, ya danna mini ya gama.

Shekara da shekaru bai bar tsokanata da wannan furar ba. Ko a biki muka haɗu sai ya ce, "Ga mai hura nan ta taho."

Haka muka ci gaba. Duk kwamfutar da ta zo hannuna, sai in saka ta a jaka in hau mota zuwa Birnin Kebbi. Ya yi faɗa, ya yanka, Anti Luba ta zuba mini shinkafa da miyar kifi, in koma gida. In faɗi gaskiya, har da daɗin zuwan ya sa ban matsa wa kaina na koya ba.

Bayan girbin shinkafar bana kawuna ya ce zai taimaka wa ajina, in zaɓa: ko laptop guda mai ƙarfi, ko ƙananan netbook na hannu 'yan kaɗan. Kaina ya ɗaure. Babbar za ta ɗauki gida biyu a wadace, amma yara za su yi ta layi a kanta. Ƙananan kowa za ta samu ta taɓa, sai dai cikinsu ƙunci, ga tsufa.

Sai na tafi wurin Malam. Ganinmu na ƙarshe ke nan.

Na same shi a tsakar gida kan tabarma, ya jingina da filo. Ya rame sosai, agogonsa har yana zamewa a hannu. Amma da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ga idon nan nasa ya dawo. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Tambayar da munka yi tun kina yarinya ita ta kinka maido min?"

Na ce, "Ita ce, Malam. Wannan karon abin da ka ce shi zan yi."

Ya ce, "A'a. Ki amso ɗaya ɗaya, ki kawo mu buɗe mu gani. Amma ki sani, wanga karo ke za ki yanka. Ina zaune gehenki, ba ni taɓawa. Kuma na hana sai da hura a unguwag ga."

Na ce to, amma mu bari sai ya ƙara jin sauƙi. Ya dube ni, ya sa Anti Luba ta ƙulla mini albasa a leda.

Mai shagon da za mu saya a wurinsa ya ba ni aron guda biyun in gwada. Ga su nan kan teburina, babba da ƙarama. Asabar ɗin nan na shirya kai masa su.

Wallahi ina kewarsa. Ina kewar mitar, da yadda yake ture tabarau sama in zai karanta ƙananan rubutu, da yadda yake kiran kowace kwamfuta "baiwar Allah". Ɗazu na ɗaga waya in tambaye shi wacce zan mayar wa mai shago, sai da na nemo sunansa na tuna.

Yanzu zan kama hanyar Birnin Kebbi wurin gaisuwa, jakata ba komai a ciki. Ban san wacce zan zaɓa ba. Yaran suna jira, kuma ko wacce na ɗauka, babu sauran wanda zan gudu in bar wa maɓallin.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Tukur, ka yalwata masa kabarinsa, ka sa abin da ya koyar ya riƙa isa gare shi. Ka ba Anti Luba da yara haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya tsaya ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, Allah ya tsayar mini da hannuna ranar da zan zauna in yanka babu shi a gefena.