Zakaran da Na Ɗora wa Kawu

Wautata ƴar ƙarama ce: na leƙa ta taga, sannan na kasa riƙe bakina.

Kawuna ɗan kabu-kabu ne a Cadawa. Tun ranar da wata babbar mota ta watsar da shi a gefen kwalta, ƙafa ta warke, tsoro ya ƙi fita. Da ya taɓa babur sai gumi ya keto masa, jiki ya ɗauki ɓari. Babur na jingine a zaure kaji na kwana a kai, hatsi kuma na ja baya a rumbu.

Inna ta sa na raka shi likita, wurin wani majo, babban ma'aikacin jinya, wanda ya koyo magani da magana, abin da suke kira ifnoz. Aka bar ni waje, na lallaɓa bayan taga. Ba allura, ba ƙwaya. Majo ya sassauta murya: "Rufe ido, malam. Ja numfashi. Ga ka a gonarka bayan ruwa ya ɗauke. Can nesa ga babur a tsaye, ba ya motsi." Kawu ya yi laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Na toshe baki, dariya ta tsere ta hanci.

Da yamma a fada, wurin shan shayinmu, na zuba gishiri har miya ta ɓaci. Na ce an zare wa Kawu hankali kamar tazuge. Na ce majo ya ce masa shi zakara ne, ya haye benci ya yi cara. Na yi carar da kaina, har da kaɗa fiffike.

"Kai, uban maƙaryata! Rantse!" in ji wani abokina.

"Ni da na gani da idona?"

Kafin kasuwa ta zagayo, yara na bin Kawu suna cara. Ranar komawa likita ya ƙi fita ko ƙofar gida.

Inna ta aike ni in gaya wa majo. Na tambaye shi, ina ƴan kame-kame, ko da gaske ana ɗauke wa mutum hankali.

"Wa ya gaya maka? Ba barci ba ne, ba tsafi ba ne. Hankali ake tattarawa wuri guda, jiki ya koyi daina firgita. Mutum na jin komai, in ya ga dama ya buɗe ido ya yi tafiyarsa. Amma sai ya saki jiki tukuna. Wa zai saki jiki ana yi masa cara?"

Ashe Kawu yana jin komai.

Na iske Kawu a zaure, na durƙusa a gabansa.

"Tashi, ɗan nan," ya ce. "Tun a taga na ji dariyarka. Na ƙyale ka ne don ranar na fara kallon babur gabana bai faɗi ba. Ban so in buɗe ido ba."

Da ma mari ya yi mini.

Na koma fada na ce ƙarya na yi, babu zakara, babu benci. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya kai wannan labari gaba. Kawu bai sake komawa wurin majo ba. Bayan kaka ya sayar da babur, ya sayi jaki da amalanke.