Ɗurin Yatsa Biyu

Yayana Delmar Stidham ba ya jin magana, kuma tun da na buɗe ido a duniya haka na same shi. Na fara da wannan ne saboda matan cocinmu da suke ta yawo da zancen wai na ci masa mutunci a kan dutse. Su ba su hau dutsen ba, ni na hau.

Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu akwai kusan shekara ashirin. Lokacin da ramin kwal ya rufta da babanmu ko tafiya ban fara ba. Yaya ya ajiye makaranta ya shiga wannan ramin dai, ya ciyar da mu, ya yi ta yi har ƙirjinsa ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, sannan suka sallame shi. Ba ya shan giya, ba ya caca. Abu ɗaya ne ya shige masa rai, bindigar ɗuri. A tsaunukan nan namu na jihar Kentucky, in Disamba ta kama aka buɗe kwanakin harbin barewa da bindigar ɗuri, maza sai su koma kamar an yi musu asiri. Na Yaya ya fi na kowa, don shi tun bazara yake fara shiri.

A teburin cin abincinsa na koyi abin, ba don ina so ba. Harsashin bai kai ramin bindigar kauri ba, shi ya sa ake saka masa 'yar rigar roba, ita ce take cike gurbin ta kama jikin ƙarfen. A zuba albarushi ta baki, a ɗora harsashi cikin rigarsa, a danna da sanda har ya zauna daram a kan albarushin. Rigunan iri-iri ne, wata mai kauri, wata shara-shara. Yaya yakan ce bindiga biyu za su fito daga masana'anta ɗaya a rana ɗaya, amma kowacce da faɗin maƙogwaronta, kuma sai ka yi ta gwaji kafin ka san rigar da ta dace da taka. Tasa tsohuwa ce, harbi ya cinye cikinta, ba ta karɓar komai sai mafi kauri. Ta mijina Hobart kuwa matsattsiya ce, shara-shara kaɗai ke wucewa.

Ko shi Hobart ɗin, Yaya ne ya koya masa, da gori.

"Kai Hobart, ɗuri kake yi ko cokali kake sakawa a kofi? In bai sa ka nishi ba, cire shi!"

Ba don ƙeta yake faɗa ba. Harsashin da ya shiga a sake, a sake yake zamewa. In ya bar kan albarushi ya yi gaba, aka sami fili a tsakani, ka ja kunama, ƙarfen ne zai tsage a fuskarka. Akwai wani dattijo a cocinmu da yake riƙe littafin waƙa da hagu, domin a damansa babban yatsa kaɗai ya rage, ido ɗaya kuma na gilashi ne. Tun ina yarinya Yaya yake nuna min shi da haɓa.

Da Hobart ya rasu ɗanmu ya ɗauki bindigarsa ya tafi da ita jihar Ohio. Sauran tarkacen na haɗa a kwali na kai wa Yaya, na ce ya zaɓi na zaɓa ya zubar da saura.

Bara kafaɗar Yaya ta dama ta lalace. Likita ya ce a yi aiki, Yaya ya ce shi ba mota ba ne da za a buɗe shi. Butar kofi ma da hannu biyu yake ɗauka, rigar sanyi kuwa matarsa Nadine ce take saka masa. Duk da haka ya ce zai fita, wai akwai wani namijin barewa da ya daɗe yana raina masa hankali a bayan tsohon ramin kwal.

Ranar Asabar da aka buɗe farauta, ba ni da aiki, domin motar 'yan makaranta nake tuƙawa. Da hantsi na ɗauki tukunyar wake da burodin masara na nufi gidansu. Nadine tana zaune kusa da murhu ta miƙe ƙafafunta masu ciwo.

"Auta, yau yayanki kamar ango ya fita," in ji ta. "Jiya ya ƙwala min kira, wai zo ki gani, kafaɗa ta warke. Da yatsa biyu ya tura sandar nan, suuu, har ƙasa."

Na ajiye tukunyar. "Da me?"

"Yatsa biyu. Ni ma sai da na yi masa tafi."

Sai a lokacin idona ya kai kan tebur. Jan gwangwanin kofi na Hobart ne a buɗe, wanda yake zuba rigunansa a ciki. Na ɗauki ɗaya na matsa, ta lanƙwashe kamar ɓawon albasa.

"Nadine, da ƙafa ya tafi?"

"Wace ƙafa? Babur ɗinsa mana, mai taya huɗu. Ke lafiya kuwa? Kin yi fari fat."

Na san babur ɗin, na san inda yake soke bindiga a gefensa, baki a ƙasa. Na kuma san hanyar, duwatsu ne da ramuka tun daga gindi har sama, ko haƙoran mutum sai sun kaɗa. Na kira wayarsa, ba ta shiga, bayan dutsen nan ba a taɓa samun layi ba. Na fizgi hula ruwan lemo daga ƙusa, irin wadda ake sawa don kada a ɗauke ka barewa, na fita. Nadine tana tambayata ban tsaya ba.

Mota ta kai ni har ƙofar tsohon ramin, daga nan sai ƙafa. Ƙanƙara ta ɗan zuba, sawun tayoyinsa yana nan ɓaro-ɓaro, na bi. Ni ba ƙaramar mace ba ce, kuma rabona da hawan dutse tun kafin in haihu. Kafin in yi nisa ƙirjina ya ɗauki wuta.

Abin da zai ba ku mamaki, ban yi ihu ba da farko. Mu nan an haife mu da wannan: ranar buɗe farauta ba a ɗaga murya a daji. Yara ma sun sani. Mace ta shiga tana kiran sunan namiji a tsakiyar farauta, abin da za a yi ta faɗa ne har jikokinta. Ga ni ina gudu don ran ɗan'uwana, amma ina taka ganye a hankali kamar ɓarauniya.

Sai na ji harbi.

Na durƙusa a ƙanƙara. Ban san yadda ƙarar tsagewar bindiga take ba, ban taɓa ji ba, to ta yaya zan bambance? Na kasa kunne ko zan ji kururuwa. Shiru. Na ce a raina, wanda fuskarsa ta tafi ai ba ya kururuwa. Na ga Yaya kwance, na ga hular nan tasa a gefe, na ga kaina ina gaya wa Nadine. Can sai na hango farin hayaƙi yana tashi daga ɗaya dutsen, tsallaken kwari. Na wani ne.

Daga nan kunya ta bar ni. Na buɗe muryar da nake tsawata wa yara arba'in da ita a mota.

"Yaya! Yaya Delmar! Kada ka harba!"

Wani daga kan bishiya, ban ga ko wane ne ba, ya ce, "Baiwar Allah, kanki ɗaya kuwa?"

"Kai ma sauko ka taya ni, uban 'yan zaman banza!" Na wuce.

Ban yi nisa ba barewa uku suka tashi a gabana, farin bindinsu a sama, suka yi kan dutse. Wajen Yaya suka nufa. Nan ne tsoro na gaske ya kama ni, domin ni da bakina nake kora masa nama. Mutumin da ya wuni yana jiran abin harbi, ga shi na aika masa. In na yi shiru zai harba, in na yi ihu zai harba. Na ci gaba da ihun, ina hawa da hannu da ƙafa, ina jiran ƙarar a kowane numfashi.

Na same shi a gindin wata babbar bishiya, zaune bayan wani gungume. Ya ɗora bindigar a kan gungumen, kuncinsa manne da ita. Ya ji ni sarai, bai ko waiwayo ba. A gabansa, tsakanin itatuwa, ga namijin nan tsaye da ƙahoninsa, ya juya kai yana sauraren haukata. Na ga yatsan Yaya yana shiga wajen kunama.

Ban san abin da na faɗa ba. Ƙara ce kawai ta fito, na kuma wurga hular. Barewar ta yi tsalle ɗaya ta ɓace.

Yaya ya ɗago kai a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Auta. Wa ya mutu?"

"Kai ne, saura ƙiris. Cire wa bindigar wuta."

"Kin san shekara nawa nake bin..."

"Cire wutar nan, Yaya, ka zura sanda!"

"Ke za ki koya min ɗuri? Ni da na share miki majina?"

"Ka share. Zura sandar."

Ya yi tsaki, ya buɗe bayan bindigar ya cire ɗan ƙarfen da ke tayar da wuta, ya tsayar da ita, ya zaro sanda. Kowane maharbi yana da zane a jikin sandarsa, wanda yake yi da wuƙa daidai bakin bindiga in ɗuri ya zauna. Ya saki sandar a ciki don ya kunyata ni. Ta tsaya. Zanen yana sama da bakin, kusan faɗin tafin hannu.

Ya ɗora yatsa ɗaya a kan sandar, ko dannawa bai yi ba sosai, ta sulale ta sauka har zanen ya daidaita.

"Da ma zan taɓa shi kafin in harba," in ji shi.

"Ƙarya kake yi, Yaya."

Wannan ita ce kalmar da ake ta yawo da ita. E, na faɗa. Ban taɓa faɗa masa ba tun da nake, kuma in aka koma yau zan sake. Na ga yatsansa da idona.

Ya zauna a kan gungumen. Ni ma na zube a ƙasa na yi amai a gefe. Da ya buɗe baki muryar ba tasa ba ce.

"Mai kaurin ba ta shiga min, Auta. Na gwada. Na tokare sandar da bango na jingina, ta tsaya min a rabi. Sai da na kwance bayan bindigar na fitar."

"To ba sai ka faɗa ba? Bakinka ma kafaɗa ce?"

Ni na tuƙo babur ɗin muka sauko, yana bayana, bindigar a rungume baki a sama. Da muka iso na juye gwangwanin Hobart a murhu, gidan ya yi kwana biyu yana warin roba. Yaya bai sake yi min magana ba har Kirsimeti, ranar ma cewa ya yi in miƙo masa gishiri. Har gobe yana gaya wa maza wai kumbura kawai ƙarfen zai yi, ba zai tsage ba. Wataƙila. Ni ban ga dalilin da za a gwada da fuskarsa ba.

Bana, ana jibi za a buɗe farauta, na ji mota a ƙofar gidana. Yaya ya shigo da bindiga da ƙunshin riguna masu kauri, ya ajiye a kan teburina yana kallon rufi.

"Tunda Allah ya ba ki jiki, ai gara a ci moriyarsa."

"Ka ce don Allah."

"Ke dai ɗura."

Na auna albarushin yana tsaye a kaina, wai hannuna yana rawa, wai na karkace. Na ɗora harsashin na hau kan sandar da duk nauyina har ya zauna. Na ce harbi ɗaya ne, ya samu ko ya rasa, gida zai dawo. Ranar fitar, da asuba na je gidansu na laluba aljihunsa a gaban Nadine kada ya ɓoye wani ɗurin, ya tsaya kamar ɗan makaranta yana zagina ƙasa-ƙasa.

Amma ni ba yarinya ba ce. Shagon kayan farauta na cikin gari yana sayar da shara-shara ga duk wanda ya tambaya, Yaya kuwa yana da mota, yana da wayo, kuma bai taɓa yarda cewa harbi ɗaya ya ishi namiji ba. Ranar Asabar ɗin na zauna a barandar Nadine cikin sanyi, kofi ya huce a hannuna. Wajen hantsi muka ji harbi daga bayan ramin. Nadine ta ce, "Nasa ne." Ina saurare ne in ji wanne zai riga zuwa, ƙarar babur ko harbi na biyu.