Isuhu Malta da Gonar Baƙi

Duk wanda ya zauna Dogarawa ya san abin da Isuhu ke yi in rana ta take. Kowa na neman gindin itace, shi ko sai ya fito tsakar fili, ya kare ido da hannu, ya dubi sama, ya girgiza kai ya ce, "Asara. Dubi yadda take zuba a banza." Ni taubashinsa ne, don haka ni ke da izinin gaya mishi ya haukace, kuma wallahi ban taɓa fashi ba.

Shekarun fari ne suka kora shi Libiya neman aiki. Daga can ya faɗa jirgin ruwa, sai ga shi a wani tsibiri wai shi Malta, yana yi wa wani tsohon sojan Ingila ban ruwan furanni. Manja yake ce mishi. Shekara shida ya yi, ya dawo da akwati ɗaya, da kujerar zane mai naɗewa, da labarin da har ya mutu bai ƙare ba.

Wai ƙasar duk ba ta kai daga nan zuwa Illela ba, babu kogi, dutse ne ko'ina. Wai mutanen coci suke zuwa amma Allah suke kira, maganarsu rabi Larabci, kuma ba su da babban nama sai zomo. Wai Larabawa sun ci su, Faransa ta ci su, Ingila ta ci su, kowa ya gaji ya tafi. Na tambaye shi, to in Ingila ta tafi, me Manja yake yi can?

"An sallame su da tuta, suka dawo da gajeren wando," in ji shi. "Ƙasarsu ba rana, taubashi. Tsoho ya sayar da gidansa, ya ƙetare teku, don kawai ya kwanta ya gasu kamar tsire."

Daga nan lissafin ya ɓaci. In dai rana suke nema, ina Malta ina Dogarawa? Ya rantse Manja ya yi mishi alkawarin zuwa, kuma in ya zo sauran za su biyo.

Ya fara da hanya. A kan kekensa hannun hagu yake bi kamar a Malta, wai don baƙi su tarar an saba. Wani jandarma ya tsare shi a hanyar Konni ya tambaye shi ko ya gaji da duniya. Isuhu ya ce shi daidai yake, sauran ƙasar ce ba ta waye ba tukuna. Sai da na je na yi rantsuwa cewa ba shi da lafiya aka sako mana keken.

Sannan ya koma kan gonar ubansa. Fako ce a gindin tudu, ruwa ya wanke ta ƙaf, ita kaɗai ya gada. 'Yan'uwa suka matsa ya sayar ya koma ci-rani, don iyalinsa sun fara auna hatsi a gidajenmu. Ya ƙi. Wai Turawa ba su jin daɗin rana sai a wurin da aka jera katangun dutse, haka gonakin Malta suke, hawa-hawa. Rani biyu shi da jakinsa suna jidar dutse. Ya gama, ya kafa kujerar Manja a tsakiya, inda ko inuwar kara babu. Matarsa Hajo ta yi kuka har ta gaji. Ni kaina a lokacin dariyar ta fara yi mini ɗaci.

Manja bai zo ba. Amma da damina ta sauka, ruwan da ya saba wucewa a guje sai ya tsaya bayan duwatsu, ƙasa ta taru. Hajo ta zuba iri ba da saninsa ba. Shekarar da hatsinmu ya ƙone a tsaye, rumbun Isuhu ne ya cika, kuma har gidana aka aiko da dami. Na je godiya, ya ce hatsin nan ya dame shi, yana tare wa kujera rana.

Bature ɗaya dai ya zo, na wani aikin gyaran ƙasa, ya tsaya yana mamakin katangun. Isuhu ya sa riga mai aiki, ya kama hannunsa, ya zaunar da shi a kujera da tsakar azahar. Bawan Allah ya yi ja wur, ya tashi ya ruga ƙarƙashin motarsa. Isuhu ya tsuke baki ya ce wannan ba na Ingila ba ne.

Da rani ya zagayo ya kama ni a gonata, da dutse a ka. Ya jingina keke, ya daɗe yana kallona.

"Taubashi, kai ma baƙi kake jira?"

Na ci gaba da jera dutsena, kuma yau duk gonakin tudun nan haka suke.

Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: kada a naɗe kujerar, kada mutumin ya zo ya ce ba a jira shi ba. Tana nan, zanen ya cinye, sai itacen. In na bi ta wurin da azahar sai na ji ƙwalla, ni da na fi kowa yi mishi dariya.

Allah ya jiƙan Isuhu, ya yafe mini bakina. Rana kam ya sha ta ishe shi. Ya Allah, ka sa shi a inuwa.