Ranar da Yayana Ya Tsaga Hanyar Mota

Shekara goma sha biyu ke nan da ruwa ya tafi da yayana, Bulama Adamu. Ba na yawan maganarsa a cikin mutane. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a bana shi ne shelar da aka yi a kasuwar Haɗejia kwanakin baya, cewa hukuma ta hana haƙar ƙasa a gaɓar kogi, ko don gini ko don cikon hanya, ta kuma hana sare itatuwan bakin ruwa. Na ji wasu magina suna gunaguni, wai sabuwar fitinar Turawa ce. Ba sabuwa ba ce. Mu a ƙauyenmu da ita muka tashi, tun ba a san Bature ba.

Ƙauyenmu yana cikin fadama, a kan hanyar Guri. Tsakaninmu da kogi akwai jinga, wato dogon tudun ƙasa da kakanninmu suka tara don tare ambaliya. Ciyawar jema ta rufe ta, saiwoyinta sun kama ƙasar kam, ga goruba da marke jefi-jefi. Dokar garin ita ce ba a ɗibar ko da cikin ƙwarya daga jikinta. Mace mai son yumɓun gyaran murhu sai ta zagaya kududdufin bayan gari. Ba a hawa da shanu, ba a yankan jemar don jinka. Wanda aka kama, da kansa yake mayar da ƙasar, a ka, da rana, kowa yana kallo.

Yaya ya gaji rawanin bulama, wato mai garinmu, daga mahaifinmu yana da sauran ƙuruciya. Ba zan ɓoye ba, mutum ne mai tsoro. In ya hango dogarin hakimi a kan doki sai ya rasa inda zai sa hannunsa. Amma akwai abin da yake tsoro fiye da dogari, shi ne kogin nan.

A ƙarshen shekarun babban yaƙin duniya aka zo da aikin hanyar mota, don a riƙa fitar da gyaɗa da busasshen kifi zuwa tashar jirgi. Hanyar za ta ratsa fadama ta gabas da mu, don haka dole a ɗaga ta da ciko. Aka ɗibi mutane daga kowane ƙauye, da kwanduna da jakuna. Ɗan kwangilar da aka ba wa ɓangarenmu baƙo ne, ba zan faɗi sunansa ba. Yana zuwa idonsa ya faɗa kan jinga.

"Bulama, ga ƙasa a ƙofar gidanka, sai ka ce in tura jakuna har tudu?"

"Ita ce tsakaninmu da kogi," in ji Yaya. "Ga gonata can a tudu. Ku kwashe ta duka, na yafe."

Mutumin ya ce tudu ya yi nisa, damina za ta riske shi. Ya kai ƙara cewa Bulama ya hana aikin gwamnati. Aka aiko a kira Yaya, ni na raka shi. A gaban hakimi ya durƙusa, gumi yana bin wuyansa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban hana hanya ba. Amma in aka taɓa jinga, babu garin da hanyar za ta je wa." Hakimi ya saurare shi, ya ce zai kai maganar gaba, mu jira amsa. Ya ƙara da cewa, "Amma ka sani, Adamu, in ruwa ya sauka hanya ba ta ƙare ba, rawaninka ne zai amsa."

Muka yi kwanaki a garin hakimi muna jira. Amsar da ta zo mai daɗi ce: a bar jinga, a je tudu. Muka kamo hanya da murna. Tun daga nesa na ga jikin jingar ya yi fari. A bayan idonmu an sa diga da shebur an kwashe gindinta ta ɓangaren gari, dogon rami mai zurfin tsayin mutum, jemar an tuge an zubar ta bushe. Mutanenmu ne suka yi haƙar da hannunsu, ana tsaye a kansu da bulala. Ba wanda ya iya haɗa ido da Yaya. Shi kuwa ya sauka cikin ramin, ya ɗebi ƙasa a tafinsa, ya matse, ta warware ta zube.

Duk bazarar nan ciko muka yi. Amma abin da muka mayar rairayi ne, abin da aka kwashe kuwa ƙasa ce da ta shekara da shekaru tana danne. Muka dasa jema, ba ta kama ba kafin ruwa. Wanda bai zauna a fadama ba ba zai gane irin zaman da muka yi a daminar nan ba. Mata suka daina barin yara su yi nisa. Wasu suka ɗaure tabarmi da tukwane suka ajiye a bakin ƙofa. In hadari ya haɗu ta yamma sai hira ta mutu a dandali. Yaya kuwa ya rame. Matarsa Hajara ta ce mini, "Sale, ka yi wa yayanka magana. Tuwo sai ya sa hannu ya cire." Na yi masa, ya ce, "Ba yunwa nake ji ba, kunnena ne yake bakin kogi."

Ambaliyarmu ba ta jiran hadari. Ruwan da aka yi can ƙasar Kano ne yake gangarowa, ya iske mu rana tana ƙwalla. Haka ta zo, gero ya fara fitar da kai, sararin sama tas. Da hantsi muka ga ruwa yana tsattsafowa daga gindin cikon, da farko garai, daga baya ja. Yaya ya dube shi ya ce a fitar da mata da yara da tsofaffi zuwa kan sabuwar hanya, don ita ce tudu mafi kusa. Kafin azahar jingar ta ɓalle. Ba ƙara mai ƙarfi ta yi ba, wani irin nishi ne, sai muka ga goruba ta kwanta a hankali.

Nan ne abin da ba mu zata ba ya bayyana. A da, in ruwa ya shiga fadama ta gabas yake wucewa. Yanzu hanya ta tare masa gaba, ba a yi mata kafa ko ɗaya ba. Ruwa ya rasa mafita, ya tsaya a cikin gari yana hawa. Muna tsaye a kan hanya muna kallon katangu suna narkewa. Ya kai gindin rumbuna, inda sauran hatsin bara yake. Ya fara lasar gefen hanyar da yaranmu suke zaune.

Yaya ya ce a kawo fartanyu da galma. Wani dattijo ya riƙe masa riga ya ce, "Bulama, hanyar gwamnati ce. Gidan yari ne fa."

"Na sani, Baba," in ji shi. "In an tambaya, ni kaɗai na tsaga."

Ya tuɓe rawani ya miƙa wa Hajara. Aka matsar da mutane nesa, muka fara sara a inda ruwa ya fi danno. Yaya yana sara tare da mu, bai tsaya ba. Da ramin ya yi zurfi ya kore mu, ya ce saura kaɗan, shi zai ƙarasa. Na ce, "Yaya, fito, zai buɗe da kansa." Ya ce, "Ja da baya, Sale." Ya ƙara sara biyu ko uku. Ƙasar da yake tsaye a kai ta tafi gaba ɗaya, shi da ita. Na ga hannunsa, na ga bakin galma, daga nan sai jan ruwa. Masunta suka bi shi a kan gora, ba su cim masa ba. Sai bayan kwanaki aka same shi a cikin kaba, can wajen Guri.

Kafin la'asar ruwan gari ya fara ja da baya. Rabin gidaje sun zube, rumbuna da yawa sun tsira, kuma ba a rasa rai ba sai nasa. Da aka zo bincike kowa ya faɗi abin da ya ce a faɗa. Ba a ɗaure kowa ba. Da rani aka dawo aka gina kwalbati a daidai wurin.

Yanzu ina koyarwa a Haɗejia, ana ta maganar mulkin kai, gari yana faɗi, kowa yana son soro da shago. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da zai ga wannan zamani. Ina jin shelar nan za ta yi masa daɗi, amma ba za ta sa ya yi barci ba. Shi ma ya taɓa riƙo amsa mai daɗi daga sama, ya dawo ya tarar da rami. Doka tana kasuwa, jakuna suna bakin kogi. A makon jiya na tarar da wani yana cika mangala a gaɓa, na yi masa magana, ya ce, "Malam, ƙasa ai ba ta ƙarewa." Sai na tsaya ina kallon inda ya haƙa, da gidajen da ke bayansa.

Me ya rage na Bulama Adamu? Bai bar dukiya ba, gonarsa ta tudu ma 'ya'yansa mata ne suke nomawa da mazajensu. Direbobi suna kiran kwalbatin nan Tsagin Bulama, yawancinsu ba su san wane Bulama ba. Abin da na fi ganin ya bari shi ne tsoronsa. A da ina jin kunyar a ce yayana matsoraci ne. Yanzu na ga cewa garin da ke bakin kogi yana buƙatar mutum ɗaya aƙalla wanda tsoro zai hana shi cin tuwo, kuma ban san ko muna da shi a yau ba. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya masa makwanci. Mu kuma da muka rage, an ce an yi ruwa mai yawa a yamma cikin makon nan, bai iso ba tukuna.