Kwando Na Uku Da Na Tsallake

Akwai abubuwa da yawa da suka shige mini a rayuwa na manta da su, amma ranar Talatar da na tsaya gaban allon makarantarmu ina neman sunana cikin waɗanda suka kammala lisans, wato digirin farko, wannan kam har in koma ga Mahaliccina tana nan. Sau huɗu na bi takardar da yatsa daga sama har ƙasa. Na koma na fara daga ƙasa zuwa sama, kamar hakan zai sa sunan ya tsiro. Abokaina na ta ihu suna rungumar juna, ni kuwa ina tsaye baki buɗe, ko ƙuda ban iya korewa ba.

Bari in fara daga farko don ku gane irin ruɗanin. Jeni sibil na karanta a nan Damagaram, wato aikin injiniyan gine-gine da hanyoyi da gadoji. Shekara uku ce, samestir shida, kuma kowane darasi da makinsa da ake kira kiredi. In ka ci darasi a zuba maka nasa, sai ka tara ɗari da tamanin a ba ka takarda. Yawancin darussan dole ne, irin su lissafi, awon fili, ƙarfin beto, wato kankare, da ƙarfe, da sanin ƙasar da za a kafa tushe a kai. A shekarar ƙarshe ne ake ba mu darussan zaɓi guda uku, an kasa su gida uku, mu ɗalibai muna kiran kowane gida kwando. Na ɗaya beto da ƙarfe, na biyu ruwa da hanyoyi, na uku kuwa kayan gini na gida. Darasi biyu ne kawai a cikinsa, ginin ƙasa da gyaran tsofaffin soraye, duka biyun aikin ƙasa ne.

To ni ɗan magini ne. Babana a unguwar Birni yake, tun kakanni aikinmu ke nan, tubali da azara da yaɓe. Da ƙafata na taka kwaɓi har na gama firamare, kuma ban manta da yadda 'yan ajinmu ke leƙen farcena suna dariyar jar ƙasar da ta maƙale ba. Saboda haka da na ga ginin ƙasa a jerin darussa, tsaki na yi. Abin da na baro a ƙofar gida shi zan zo in zauna kan benci a koya mini? Haba!

An raba mana wata takarda a farkon shekara mai bayanin yadda ake zaɓen. Gaskiya ban karanta ta ba. Al'adarmu ce a lokacin, ba ma karanta takardar makaranta, sai dai mu tambayi waɗanda suka riga mu. A fadar da muke shan shayi akwai wani yayanmu da ya gama shekara biyu kafin mu, shi ne malamin kowa. Na ce masa, "Yaya, dole ne sai na taɓa kwandon nan na uku?" Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kai ƙanena, kiredi kiredi ne. Cika ɗari da tamanin kawai ka kama gabanka." Takardar nan kuwa da ita na fifita gawayin shayin ranar. Washegari na je bango inda aka manna takardun zaɓi, kowane darasi da tasa, na rubuta sunana a biyu daga kwandon beto, ɗaya daga na ruwa. Na dawo ina jin kaina wani mai wayo.

Abin da ya sa rashin sunan nan ya kusa zautar da ni, akwai aiki a hannu. Mutumin da na yi istaj, wato koyon aiki, a wurinsa ya samu kwangilar ƙananan gadoji a hanyar Damagaram Takaya, ya ce in kawo masa shaidar kammalawa kafin ƙarshen wata, wurin nawa ne. Babana ya riga ya faɗa wa duk wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Inna ma ta ware ɗan akuya na walima ta ɗaure shi daban.

Na fara da biron rajista, wato ofishin da ake ajiye makinmu. Madam ɗin da ke wurin ta buga lambata a na'ura, ta ce, "Ɗari da tamanin. Ai ka gama." Na ce, "Madam, sunana ba ya allo." Ta sake duban na'urar, ta dube ni, ta ce, "To ba ka gama ba ke nan." Na ce, "Yanzu kika ce na gama." Ta ce, "Na'ura ce ta ce ka gama, allo ya ce ba ka gama ba. Ni me nawa a ciki? Je ka ga shef." Na fito ina juya maganar a kaina, na kasa gane ko albishir aka yi mini ko jaje.

Shef ɗin sashenmu ya yi tafiya, sai bayan kwana uku. Cikin kwana ukun nan babu bayanin da ban ji ba. Wani ya ce wataƙila wani mushe ne, haka muke kiran malamanmu, bai miƙa makina ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, mushen beto har ya buɗe kundinsa ya nuna mini, ya ce ni ne na biyu a aji, me nake nema kuma? Wakilin ɗalibai ya ce tabbas an haɗa ni da wani mai irin sunana ne. Na yi yini guda ina neman takwaran nan, na same shi a shekara ta biyu, bawan Allah ko sanin ana liƙa sakamako bai yi ba. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce in binciki dangi, wannan ba aikin makaranta ba ne. Wallahi a ranar har na fara yarda. Na ɗauki biro na tara kiredina da hannu ya fi sau goma, ɗari da tamanin yake ba ni, ko ɗaya bai ragu ba. A gida kuwa in Inna ta tambaya sai in ce ana sa hannu. Ɗan akuyan nan in ya yi kuka sai gabana ya faɗi.

Ranar Juma'a da safe shef ya dawo. Dattijo ne marar yawan magana. Ya karɓi takardar makina, ya ciro irin waccan da na fifita wuta da ita, ya shimfiɗa su gefe da gefe. Ya ɗora yatsa ya ce, "Kwando na ɗaya, ga biyu. Na biyu, ga ɗaya. Ina na uku?" Na ce, "Mushe, ai na cika." Ya ce, "Ka cika lissafi, ba ka cika sharaɗi ba. Karanta nan." Na karanta. Layi ɗaya ne tak, darasi guda daga kowane kwando. Amma kaina ya ƙi ɗauka. Na ce, "Mushe, wanda ya yi ginin ƙasa kiredi uku ya samu, ni ma uku na samu a beto. Uku ai uku ce." Ya cire tabarau ya ce, "In innarka ta aike ka gero da wake da gishiri, ka kawo mata gero biyu da wake, ka ce ai abu uku ne, za ta dafa?"  Na roƙe shi a ba ni jarrabawar a zagaye na biyu tare da waɗanda suka faɗi. Ya ce wanda ya faɗi ake ba dama ya sake, ni ban faɗi ba, ban ma shiga ba. Kuma rabin darasin a fili ake yi da hannu, da rani, don ba a ginin ƙasa da damina. Sai watan Fabrairu mai zuwa. Na ce, "Shekara guda, Mushe? Saboda ƙasa?" Ya ce, "Saboda layi ɗaya da ba ka karanta ba."

Daga nan fada na wuce ina huci. Yayan namu ya saurare ni tsaf, ya ce, "A'a, to a zamaninmu babu wannan dokar, bayanmu aka kawo ta." Ya ci gaba da zuba shayinsa. Ban ma san da wa zan yi faɗa ba.

Na sami Baba bayan la'asar a wani gida da yake ɗaga wa katanga. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "An ba da takardar?" Na ce a'a. "Ka faɗi ne?" Na ce ban faɗi ba. "Duka ka ci?" Na ce duka. Ya ajiye tubalin da ke hannunsa ya ce, "To ni ban gane ba. Me ya rage?" Na sunkuyar da kai na ce, "Ƙasa, Baba." "Wace ƙasa?" Na ce, "Irin taka. Akwai darasin ginin ƙasa, ban ɗauka ba, ashe dole ne." Na jira faɗa. Sai na ji ya ce, "Dole? A lakwal, makarantar taku?" Na ce eh. Ya sauko daga tsani, ya goge hannu a riga, ya ce, "Sake faɗi in ji. Ba sa ba mutum takardar injiniya sai ya san wannan?" Na sake faɗi. Ya daɗe yana kallon katangar, fuskarsa na yin wani abu da ban taɓa gani ba, kamar zai yi murmushi, kamar ba zai yi ba. Bai tambaye ni dalilin da ya sa ban ɗauka ba. Ya sani, kuma na san ya sani.

Aikin gadoji ya wuce ni, wani abokina aka ɗauka. Ɗan akuya aka mayar da shi garke. Wata bakwai ina yawo a gari da kiredi ɗari da tamanin, in aka ce na gama in ce eh, in aka ce ina takarda in ce tukuna.

Da Fabrairu ya zo na zauna cikin ƙannena a aji. Mako na uku mushen darasin ya ce za mu je wurin wani tsohon magini da yake kai ɗalibai wurinsa, amma bana mutumin ba shi da lafiya, shi ne tsohon ya haɗa mushe da wani magini abokin aikinsa. Tun da muka shiga lungunan Birni jikina ya ba ni. Muna karya kwana sai ga Baba tsaye bakin ramin kwaɓi, ya sa hularsa ta Juma'a.

Bai nuna ya san ni ba. Ya sa kowa ya cire takalmi ya shiga kwaɓi, ya nuna yadda ake gane ƙasa ta jiƙu ta kwana, da yawan ciyawar da ake zubawa. Mushe na gefe yana rubutu a kundi, shi da digirinsa. Sannan kowa ya mulmula tubali aka shanya. Bayan mako muka dawo, Baba na ɗaga na kowa daidai ƙirji yana saki. Wasu suka tsira. Nawa ya tarwatse. Ya ce, "Sake." Mako na gaba ma ya fashe biyu, ƙannen nan na ƙunshe dariya, don zuwa lokacin kowa ya san ɗan wane ne ni. Sai a karo na uku ya faɗi ya gangara lafiya. Baba ya ɗauka, ya juya shi, ya ce wa mushe, "Wannan ya yi." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ranar muka taho gida tare, yana gaba ina biye. Kusa da ƙofar gida ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Ni da na ɗauka ka tafi can ne ka ƙaro a kan abin da muke da shi. Ban san gudunsa ka tafi yi ba." Na yi kuka, ba na ɓoyewa, ƙato da ni a tsakiyar lungu.

Na karɓi takardata a ƙarshen shekarar, da kiredi ɗari da tamanin da uku. Abin da na koya biyu ne, kuma da tsada na saye su. Takardar da ta shafi rayuwarka, karanta ta da idonka, kada ka bar wa mai shayi. Na biyun ya fi ciwo. Shekara uku ina tara darussa don in yi nisa da ramin kwaɓin babana, ashe ba za a kira ni injiniya ba sai na koma na cire takalmi na shiga, shi kuma ya duba ya ce ya yi.