Ranar da anka ta ƙi kama ƙasa

Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogi aka haife ni, kuma wannan ya sa mini girman kai a kan ruwa. Lokacin da nake zaune a unguwar Glenwood ta birnin Greensboro ina aikin ɗaukar kaya a sito, na sayi kayak, wani ɗan jirgin ruwa mai mazauni biyu, a hannun wani Bature, da 'yar na'urar hango kifi maƙale a gabansa. Allonta bai fi tafin hannu ba. Layin ƙasa shi ne gindin ruwa, lambar da ke gefe zurfi ne, kifi kuma yana fitowa kamar ƙaramin lauje. Iyakar abin da na koya ke nan.

Maƙwabcina Alhaji, mutumin Tawa ne mai tuƙin tasi, bai iya iyo ba ko kaɗan. Na dame shi har ya yarda ya bi ni bakin teku wata Asabar. Daga Greensboro tafiya ce mai nisa, sai da hantsi muka shiga ruwa, a wani lungu mai ciyayi kusa da inda ruwan ke fita babban teku. Zafi ya dame shi, ya kwance rigar ceto ya ajiye a cinya. Na gani, na ƙyale shi.

Na jefa anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, na ɗaure igiyar a gefen jirgi yadda muke yi a gida. Can allo ya cika da ɗige-ɗige.

"Alhaji, kifi! Garke guda a ƙarƙashinmu!"

"To, ɗan ruwa, ina kifin? Ƙugiyata ko motsi."

Na sauya koto, na sake jefawa. Ban ɗaga kai ba.

"Malam, mi ya sa lambar nan take ƙaruwa? Ɗazu takwas, yanzu sha huɗu. Ba tsaye muke ba?"

Na ce masa na'ura ce, takan yi haka. Ban gama rufe baki ba lambar ta sake hawa, layin ƙasa ya karkata kamar gangaren tudu. Na waiwaya. Ciyayin da muka tsaya kusa da su sun yi nisa. Kogin da na sani hanya ɗaya yake bi, ba ya sauya ra'ayi da rana tsaka. Wannan ruwan kuwa janyewa yake, yana tafiya da mu, ankar na jan yashi. Ɗige-ɗigen nan kumfa ce da tarkacen da ruwa ya kwaso. Gabanmu, a mashigar teku, igiyar ruwa na fashewa fari fat.

"Alhaji, saka rigar nan. Ɗaure ta sosai."

"Lafiya?"

"Saka kawai, don Allah!"

Yana kokawa da maɗaurin sai ankar ta kama wani abu a ƙasa. Da yake a gefe na ɗaure ta, jirgin ya juya ya ba ruwa haƙarƙari, ya kishingiɗa. Ruwa ya zubo mana a cinya. Alhaji ya riƙe bakin jirgi yana salati, rigar na rataye a kafaɗa ɗaya. Na lalubo wuƙar yanka koto, na datse igiyar. Jirgin ya miƙe.

"Kar ka tashi! Kar ka taɓa filafili!"

Na kama tuƙi. Ban tunkari ruwan kai tsaye ba, na yanke shi a karkace, ina hararar allo. Lambar ta tsaya. Ta fara sauka a hankali, kafaɗuna kamar za su ɓalle. Da ta koma biyu na diro, ruwa iya gwiwa, na ja jirgin kan wani tudun yashi a bakin gaɓa.

Alhaji ya fito da rarrafe, ya zauna. Na tsuguna gabansa na ce ya yafe mini, ni na jawo.

"Bon, shi ke nan," ya ce, yana matse hularsa. "Na yafe. Amma daga nan zuwa mota da ƙafa zan tafi, ko da zagaye ne. Kai ka taho da jirginka."